Mun rataye hotunansu, mun ɓoye hanyar da suka bi

Kwanakin baya na halarci wani taro da aka shirya wa 'yan mata masu shirin kammala karatu. Taron ƙarfafa gwiwa aka kira shi. Aka rage fitilu, aka riƙa haska hotuna a bango ɗaya bayan ɗaya. Ga Ngozi Okonjo-Iweala da ɗaurin ɗankwalinta, ga Angela Merkel, ga Indra Nooyi, ga Ellen Johnson Sirleaf. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta wata jimla mai daɗin ji. Mai jawabi tana ta nanata cewa su ma mata ne kamarku, abin da suka yi ku ma za ku iya. Aka yi ta tafi.

Da aka zo lokacin tambayoyi, wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu. Muryarta har rawa take yi. Ta ce: "Anti, ni abin da nake son sani shi ne, wane aiki suka yi kafin su zama shugabanni? Kuma wa ya riƙe musu yara?"

Mai jawabin ta yi murmushi ta ce: "Ƙanwata, ke dai ki yarda da kanki, saura duk mai sauƙi ne." Aka sake tafi. Yarinyar ta zauna.

Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zauren nan ita ce aka share.

Ra'ayina ke nan tun kafin mu yi nisa: yadda muke ba da labarin mata shugabanni yana cutar da 'yan matan da muke cewa muna ƙarfafa wa gwiwa. Muna ɗauko ranar rantsuwa mu haska, mu jefar da shekaru talatin da suka gabace ta. Alhali duk darasin da yarinya za ta iya amfani da shi ranar Litinin da safe yana cikin shekarun nan da muka jefar.

Shekarun da ba a haskawa

A Janairun 2014 Mary Barra ta zama shugabar kamfanin ƙera motoci na General Motors, mace ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin manyan kamfanonin mota na duniya. Wannan shi ne abin da ake rubutawa ƙarƙashin hotonta. Abin da ba a rubutawa shi ne ta shiga kamfanin tun 1980, tana da shekara 18, tana karatun injiniyan lantarki tana kuma aikin duba jikin motoci a masana'anta ko akwai lahani. Daga baya ta shugabanci masana'antar harhaɗa motoci guda, ta riƙe sashen ma'aikata, ta riƙe sashen ƙirƙiro sababbin motoci. Sama da shekara 30 a wuri ɗaya. Ranar da aka ɗora ta a kujera babu wani injiniya da zai iya yi mata rufa-rufa a kan ƙarfe, domin ta taɓa shi da hannunta.

Ursula Burns ma a 1980 ta shiga kamfanin Xerox, a matsayin ɗaliba mai neman sanin makamar aiki. Uwa ce kaɗai ta rene ta a gidajen gwamnati na talakawa a birnin New York. Ta yi kusan shekara 10 tana aikin injiniya, babu wanda ya san da ita a saman bene. Wata rana a taron ma'aikata ta fito fili ta ƙalubalanci wani babban jami'in kamfanin, Wayland Hicks, kan yadda ya amsa wata tambaya game da ɗaukar baƙaƙen fata da mata aiki. Ta ɗauka kora ce za ta biyo baya. Sai ga shi a 1990 ya nemi ta zama mai taimaka masa ta musamman.

A nan nake so a tsaya. Injiniya mai digiri biyu, an ce ta zo ta riƙa bin wani mutum taro, tana tsara masa takardu. Ita kanta da farko ta ɗauka aikin sakatariya ne. Amma ta karɓa, kuma a wannan kujerar ta ga yadda ake yanke shawara, wa ke magana, wa ake saurara, ina kuɗi ke shiga, ina suke zurarewa. Shekara ta gaba shugaban kamfanin da kansa, Paul Allaire, ya ɗauke ta irin wannan aikin. A 2009 ta zama shugabar Xerox, baƙar fata mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka.

Yarinyar da ta ji wannan ta samu abin riƙewa. Ta san cewa wani lokaci aikin da sunansa bai yi kama da girma ba shi ne mafi kusa da inda ake yanke hukunci. Ta san cewa a tambayi abin da kujera za ta nuna maka kafin a tambayi sunan kujerar. "Ki yarda da kanki" ba zai taɓa koya mata wannan ba.

Ita kuwa Ngozi, kowa ya san cewa a Maris ɗin 2021 ta zama shugabar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko. Mutum nawa ne suka san ta yi shekara 25 a Bankin Duniya tana hawa mataki-mataki? Mutum nawa suka san cewa yarjejeniyar 2005, lokacin tana ministar kuɗin Najeriya, wadda ƙasashen da ke bin Najeriya bashi suka yafe dala biliyan 18 a cikinta, ta samo asali ne daga aiki mai gajiyarwa na tattara takardun bashin da ke warwatse a ofisoshi daban-daban, a gano nawa ake bi, wa ke bi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a 2012 ta nemi shugabancin Bankin Duniya ta sha kaye a hannun Jim Yong Kim. Wannan faɗuwar ban ga an haska ta a bangon ba.

Merkel har ta kai shekara 35 ba ta cikin siyasa. Masaniyar kimiyya ce a Jamus ta Gabas, sai da katangar Balin ta faɗi a 1989 ta shiga. Shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Helmut Kohl, shi ne ya ɗauko ta ya ba ta minista a 1991, yana kiranta "yarinyata", manyan jam'iyya suna raina ta. Ta yi shiru tana koyo. A Disambar 1999, lokacin da badaƙalar kuɗin jam'iyya ta dabaibaye Kohl, ita ce ta rubuta a jarida cewa lokaci ya yi da jam'iyyar za ta koyi tafiya ba tare da shi ba. Bayan 'yan watanni ta zama shugabar jam'iyya, a 2005 ta zama shugabar gwamnati, ta yi shekara 16. Wani zai ce butulci ta yi wa ubangidanta. Ni na fi ganin ta san ranar da biyayya ga mutum ɗaya ta fara zama cin amanar sauran. Ko ta wace fuska aka kalle shi, zance ne da ya cancanci a zauna da 'yan mata a tattauna shi awa guda.

Wa ya riƙe gidan?

Rabin tambayar yarinyar ke nan, kuma shi ne rabin da muka fi jin nauyin amsawa.

Abin mamaki, matan da kansu ba su ɓoye ba. Indra Nooyi, wadda ta shugabanci PepsiCo daga 2006 zuwa 2018, ta faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa ba ta yarda mace za ta iya haɗa komai a lokaci ɗaya ba, muna dai nunawa kamar mun haɗa ne. Ta ba da labarin yadda ƙaramar 'yarta kan buga waya ofis tana neman izinin yin wasan kwamfuta, uwar kuma tana wata ƙasa. Sai ta koya wa mai amsa waya a ofis tambayoyin da za ta yi wa yarinyar, ciki har da ko ta gama aikin makaranta, sannan ta ba ta izini a madadinta. Mahaifiyarta da dangi daga Indiya sun riƙa zuwa suna zama da yaran. Ta ce duk da haka ba ta da tabbacin 'ya'yanta za su ce ta yi musu uwa yadda ya kamata.

Burns ta sha faɗa cewa mijinta, wanda ya girme ta da kusan shekara 20, ya yi ritaya ya zauna da yara lokacin da aikinta ya yi nauyi. Margaret Thatcher, wadda daga baya ta zama firaministar Birtaniya, ta haifi tagwaye a 1953, kuma dukiyar mijinta ce ta biya mai reno har ta samu ta kammala karatun lauya ta shiga majalisa a 1959. Jacinda Ardern ta haihu a Yunin 2018 tana firaministar Niyu Zilan, ta koma aiki bayan mako shida, uban yarinyar ne ya zauna da ita a gida. Ardern ta sha gargaɗin mutane kada su ɗauke ta ma'aunin da za a riƙa auna sauran mata, domin tana da taimakon da yawancinsu ba su da shi.

To me ya sa mu muke goge wannan daga labarin? Ina ganin don yana ɓata hoton jaruma. Mun fi son mace wadda ta yi komai ita kaɗai. Sakamakonsa kuwa na gan shi da idona a wuraren da na yi aiki. Mace mai ƙoƙari ta haihu, dare ba barci, safiya ga aiki, ta fara makara, a fara ƙorafi, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ce raguwa, tun da ai wance ta iya. Ba ta san wance tana da mutum uku a bayanta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun bar ta tana zargin hannunta.

Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2023, ta yi shekaru tana bin diddigin albashin maza da mata. Abin da ta nuna shi ne a ƙasashe masu arziki yau, mafi yawan tazarar tana buɗewa ne bayan haihuwar ɗan fari, ko da namijin da macen sana'arsu ɗaya. Dalili shi ne ayyukan da suka fi biya su ne masu son a same ka kowane lokaci, dare da rana, kuma idan akwai jariri dole wani a gidan ya ja baya. Kusan kullum macen ce. Saboda haka zancen wa za ki aura, da abin da kuka yi yarjejeniya a kai kafin aure, da wa zai taimaka idan yara sun zo, duk zancen aiki ne. Wanda ya ce wa yarinya ta bar shi sai lokacin ya zo bai yi mata adalci ba.

"Ai za ki kashe musu gwiwa"

Wata abokiyar aikina da na yi wa wannan ƙorafin ta ce mini: "Haba 'yar'uwa, yaran nan suna buƙatar abin da zai ɗaga musu rai. In kika fara lissafa musu wahala, wa zai fito?"

Tana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan raina ta ba. Gani yana da tasiri. A 1993 Indiya ta gyara tsarin mulkinta ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo da abokan aikinta sun bi ƙauyukan suna nazari. Sun gano cewa inda mace ke shugabanci an fi kashe kuɗi a kan ruwan sha, abin da mata suka fi kuka da shi. Daga baya, a wani binciken da aka buga a 2012, sun gano cewa a ƙauyukan da mace ta yi shugabanci zango biyu, burin 'yan mata ya ɗaga, burin iyaye a kan 'ya'yansu mata ya ɗaga, tazarar karatu tsakaninsu da samari ta rufe.

Amma a duba wace mace ce ta yi wannan tasirin. Maƙwabciya ce. Yarinya tana ganinta tana fita, tana ganinta tana jayayya da maza a kan rijiya, ta san mijinta, ta san ranar da aka zage ta da ranar da ta yi nasara. Ta ga hanyar gaba ɗaya. Hoton da aka haska daƙiƙa goma a bango ba ya yin wannan aikin. Yana ɗaga rai zuwa yamma, washegari yarinya ta tashi ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Kuma ban yarda gaskiya tana kashe gwiwa ba. Sirleaf ta yi aure tana da shekara 17, ta haifi 'ya'ya huɗu maza, auren ya mutu, ta koma karatu. An ɗaure ta a zamanin shugaban Laberiya Samuel Doe a 1985. Ta tsaya takara a 1997 Charles Taylor ya kayar da ita da tazara mai yawa. Sai a Janairun 2006, tana da shekara 67, aka rantsar da ita shugabar Laberiya. Ku gaya mini, matar da aurenta ya mutu tana da shekara 28 da yara a hannu, wanne zai fi tsayar mata da hawaye: hoton Sirleaf da lambar Nobel ta 2011, ko wannan jerin shekarun?

Ƙofar ba ta buɗe kanta ba

Akwai wani abin da ba ma son faɗa. Mace ta farko da ta zama firaminista a duniya, Sirimavo Bandaranaike ta Siri Lanka a 1960, ta hau ne bayan an kashe mijinta da ke kan kujerar. Indira Gandhi 'yar firaministan Indiya Nehru ce. Benazir Bhutto 'yar firaministan Pakistan Zulfikar Ali Bhutto ce. Katharine Graham ta karɓi jaridar Washington Post a 1963 bayan rasuwar mijinta, kuma mahaifinta ne ya saye ta tun farko. Wannan bai rage musu komai ba, wasunsu sun fi mazan da suka gada ƙarfin hali. Abin da yake nunawa shi ne, shekaru da yawa, sunan gida ne kaɗai mabuɗin da ke buɗe wa mace ƙofar. 'Yar talaka mai irin ƙwaƙwalwarsu tana nan a waje.

Inda aka samu sauyi mai yawa cikin ɗan lokaci, doka ce ta kawo shi. Ruwanda ta sa a tsarin mulkinta na 2003 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kujeru na mata ne, a 2008 ta zama ƙasa ta farko da mata suka fi maza yawa a majalisa. Norwe ta yi doka a 2003 cewa a hukumar gudanarwar manyan kamfanoni kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40, kamfanin da ya ƙi a rushe shi, zuwa 2008 an cika. Meziko ta tilasta wa jam'iyyu raba takara daidai a 2014, bayan shekara 10 manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu duk mata ne, Claudia Sheinbaum ta hau a Oktoban 2024. A duniya baki ɗaya, mata a majalisun dokoki sun tashi daga kusan kashi 11 a 1995 zuwa kusan kashi 27 bayan shekara 30. Tafiyar hawainiya ce, kuma da babu irin waɗannan dokokin da ba a kai nan ba.

Na san abin da za a ce: ware kujeru yana kawo waɗanda ba su cancanta ba. Wannan ƙorafin ya ɗauka cewa kafin a ware kujerun cancanta ce ke raba su. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fitar da ɗan takara a jam'iyya ya san ba haka ba ne. A Suwidin, bayan babbar jam'iyyar ƙasar ta fara jera 'yan takara mace da namiji bi da bi a 1993, masu bincike sun gano cewa waɗanda tsarin ya ture su ne mazan da ba su da wani kataɓus, ingancin mazan da suka rage ma sai ya ƙaru.

Ba na cewa doka magani ce ta komai. A Norwe ɗin, cika hukumomin gudanarwa da mata bai sauko ya ɗaga sauran mata ma'aikata yadda aka yi fata ba. A Ruwanda, matan da suka fito don ƙalubalantar shugaban ƙasa, Victoire Ingabire da Diane Rwigara, sun ga gidan yari. Yawan kujera daban, ikon kujera daban. Amma yarinya ta cancanci ta san cewa wasu ƙofofin ba ƙoƙarinta ita kaɗai zai buɗe su ba, sai an haɗu an matsa.

Masu cewa duk wannan baƙon tunani ne kuwa, su tuna Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda. Ko ita mun gajarta labarinta zuwa "attajira ce". Ba ma tsayawa mu ce mace ce mai jari, mai ɗaukar maza ta ba su dukiyarta su tafi fatauci har Sham a kan wani kaso, mai bincikar amanar mutum kafin ta damƙa masa kaya. A nan darasin kasuwancin yake.

Kuɗin da aka biya

A Disambar 2012 aka sace mahaifiyar Ngozi, tsohuwa mai shekara 82, aka riƙe ta kwana biyar. Ngozi ta ce abin da masu garkuwar suka nema shi ne ta sauka daga muƙamin ministar kuɗi, kuma ta danganta abin da hana biyan kuɗin tallafin mai na bogi. Ba ta sauka ba. Gambo Sawaba an ɗaure ta sau 16 saboda siyasa, a lokacin da matan da take yi wa fafutuka ko ƙuri'a ba su da ita. An kashe Benazir a Disambar 2007. An kashe 'yar majalisar Birtaniya Jo Cox a kan titi a 2016. Ardern ta ajiye mulki a Janairun 2023 ta ce ƙarfinta ya ƙare.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata duk mace mai tasowa ta san shi. A 2005 wasu masana biyu a jami'ar Exeter ta Ingila, Michelle Ryan da Alex Haslam, sun lura cewa kamfanoni sun fi naɗa mace a babban muƙami lokacin da abubuwa suka riga suka fara lalacewa. Idan ta gyara, to. Idan ya rushe, a ce ai mace ce. Theresa May ta karɓi Birtaniya a 2016 bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, mazan da suka kunna wutar sun ja gefe, ta sauka a 2019 da hawaye. Barra ko wata biyu ba ta yi a kujera ba badaƙalar makunnin mota ta fashe, lahanin da aka danganta da mutuwar mutum 124, wanda wasu a kamfanin suka sani shekaru suka yi shiru. Ita ce ta zauna gaban majalisar Amurka a Afrilun 2014 tana amsa tambayoyi. Ta amsa laifin kamfanin, ta sa aka yi bincike, ta sallami mutum 15, aka biya diyya.

Ba ina cewa mace ta ƙi kujera mai zafi ba. Wani lokaci ita kaɗai za a miƙo mata. Amma ta tambaya kafin ta zauna: me ya kori wanda ya tashi, nawa ne a asusu, wa zan iya sallama, wa zai tsaya mini idan ta yi tsami, shekara nawa aka ba ni? Namiji yana yin waɗannan tambayoyin ba a ce ya cika fitina ba.

Ba waliyyai ba ne

Wani abin da ya dame ni a taron shi ne yadda aka riƙa cewa mata sun fi maza tausayi da gaskiya, don haka in sun hau komai zai gyaru. Wannan yabon nauyi ne. Ranar da mace ɗaya ta yi kuskure sai a ce ga shi nan, ai mun faɗa.

Thatcher ta yi shekara 11 tana mulki, mace ɗaya tak ta taɓa sawa a majalisar ministocinta. Sirleaf ta naɗa 'ya'yanta manyan muƙamai, har Leymah Gbowee da suka karɓi Nobel tare ta ajiye muƙamin da Sirleaf ta ba ta a 2012 tana sukarta. Merkel ta bar Jamus ta dogara da iskar gas ɗin Rasha, ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta a 2022. Firaminista Sheikh Hasina ta tsere daga Bangaladash a Agustan 2024 bayan an kashe ɗaruruwan masu zanga-zanga. Elizabeth Holmes kuwa, a 2014 hotonta ne a bangon mujallu, kamfaninta Theranos an yi masa ƙimar dala biliyan 9, ana nuna wa 'yan mata ita a irin taron da na je. Na'urar gwajin jinin da ta ce ta ƙirƙiro ba ta yin abin da ta ce. A 2022 kotu ta same ta da laifin zamba, aka yanke mata sama da shekara 11. Holmes ba ta rasa yarda da kai ba ko kaɗan. Ita ce ma ta yi mata yawa.

Idan muna girmama waɗannan matan a matsayin shugabanni, to mu yi musu abin da ake yi wa shugabanni, mu buɗe aikinsu mu ga inda suka dace da inda suka kauce. Haƙƙin mace na riƙe muƙami bai rataya a kan ta fi namiji kirki ba. 'Yar ƙasa ce, ma'aikaciya ce, ta iya aikin, ya wadatar.

Da aka tashi daga taron na bi yarinyar nan har bakin ƙofa. Lissafin kuɗi take karanta, shekarar ƙarshe. Na ce mata tambayarta ita ce tambayar, kada ta bari tafin ya sa ta ji kamar ta yi wauta. Na ce idan ta samu aiki ta nemi sashen da ake kawo kuɗi ko ake ƙera abin da ake sayarwa, kada ta yarda a mayar da ita mai shirya taro da rubuta bayanin zama don kawai ita ce mace a ɗakin. Ta riƙa rubuta abin da ta yi da sakamakonsa da lambobi, domin ranar ƙarin girma ba wanda zai tuna mata. Ta bambance mai ba ta shawara da mai ambaton sunanta a ɗakin da ba ta ciki, na biyun ya fi wuyar samu, kuma aiki ne ke jawo shi. Ta kuma nemi wata mace da ta riga ta da shekara biyar ko goma kacal a sana'ar, wadda za ta iya kira a waya ta tambaye ta abin da ba a faɗa a kan mumbari.

Ta fito da ɗan littafi tana rubutawa. Sai ta ɗago ta ce: "Anti, in aka yi mini tayin albashi, ya halatta in ce ya yi kaɗan?"

Muka koma ciki muka ja kujeru biyu. Masu shara suna naɗe wayoyi, hoton ƙarshe yana nan a bango ba a kashe ba. Mun fi rabin awa a kan wannan tambayar kaɗai.